Lamba Ɗaya Kawai Za Ki Canza

Tsibiri, Tekun Natuna
Farkon Nuwamba

Zuwa ga yayana, Uda Darmawis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarmu Amak. Yaya ƙafarta? Tana shan maganin hawan jinin kuwa, ko har yanzu sai an yi dambe? Ka gaida matarka Uni Elvi da yara idan kun yi waya.

Na iso lafiya, sai dai jirgin ruwa ya wanke mini ciki tas. Kada ka wahalar da kanka da kirana, guguwar bara ta karya ƙarfen sabis kuma ba a gyara ba. Layi ɗaya ne a ofishin tashar lantarki, rubutu kawai yake ɗauka, shi ma sai ya ga dama.

Ka ce in gaya maka aikin da ya raba ni da Jakarta, amma in yi maka da bakin masu sayar da abinci. To ga shi. Manhajar da ke tafiyar da injinan wutar nan kamar mai kai abinci ce a shagonka, ba ta shiga kicin. Duk abin da take so sai ta tsaya a taga ta kira: a buɗe mini kaza, a gaya mini zafin inji. Wadda ke cikin kicin ita ce cibiyar kwamfutar, ita kaɗai ke taɓa tukunya. Gishirin teku ya cinye tsohuwar kwamfutar, an kawo sabuwa, sai ga shi sabuwar cibiya ba ta jin rabin maganar tsohuwar manhaja. Kamfanin da ya rubuta ta ya daɗe da rufewa, babu mai iya buɗe cikinta.

Nawa aikin shi ne in tsaya a bakin tagar. Duk kiran da za ta yi in tsayar da ita, in leƙa 'yan guraben da take ajiye lambobin kiran, waɗanda muke ce wa rajista, in gyara lambar yadda cibiya za ta gane. Idan amsa ta fito, ita ma in gyara ta kafin in miƙa.

Aikin 'yan makonni ne. Ka ce wa Amak ta sa ido kafin ƙarshen wata.

Ƙanwarka,
Yusnidar

*

Maninjau
Tsakiyar Nuwamba

Injiniya Yus,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, alhamdu lillahi. Ƙafar da sauƙi. Magani kuwa sai na tsaya a kanta kamar ɗan sanda.

Na karanta wa Amak bayaninki. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, "Wato karatun nan duka da ta yi, tsayuwar taga aka ba ta?" Na yi dariya har na ƙware.

Yus, ba ƙorafi nake ba, amma kin san da na baro Pekanbaru cewa na yi zan leƙa Amak in koma. Ga shi damina ta same ni a nan. Shago yana hannun ƙanin Elvi, wanda bai san bambancin gishiri da sukari ba. Rufin ɗakin baya yana yoyo. Na kira mai gyara, Amak ta kore shi, wai a al'adarmu gida na mace ne, sai mai gida ta zo ta faɗi yadda take so. Ke ce mai gidan, tunda ke kaɗai ce mace. Ni baƙo ne a nan, baƙo ne a gidan matata, ban san inda nake ɗan gida ba.

Ki gama ki taho.

Uda

*

Tsibiri
Farkon Disamba

Uda,

Gaisuwa gare ka da Amak, ina fatan jiki da sauƙi. A gurguje nake, layi ya dawo kuma ba shi da tabbas.

Ka yi haƙuri da rashin zuwana. Kamar yadda na yi maka bayani a takardata ta baya, ɗan nan nawa ya hana ni sakat. Ba na iya nisa da shi ko zuwa kasuwa. Da na juya baya sai ya ƙame, ba ya motsi sai na zo. Ban ga yadda zan bar shi a hannun kowa ba a yanzu. Iskar arewa ma ta fara, jiragen fasinja sun daina zuwa.

Kada ka tayar wa Amak hankali.

Yus

*

Maninjau
Disamba

Yusnidar,

Muna lafiya. Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba.

Wane ɗa?

Babu wata takarda ta baya da ta iso mini. Na karanta wannan a tsaye, na zauna na sake karantawa, na fita bakin tafki na kuma karantawa. Rabona da ganinki tun sallar bara. Yanzu na gane dalilin da kika ƙi zuwa bikin 'yar Etek Rosna, ƙanwar Amak, da dalilin da kika karɓi aiki a inda waya ba ta shiga.

Ba zan zage ki ba. Ki gaya mini abu biyu: waye ubansa, kuma an ɗaura ko ba a ɗaura ba? Wannan ƙamewar da kika ce yana yi, kin kai shi asibiti? Yaro ba ya ƙamewa haka kawai.

Ban gaya wa kowa ba. Amak ta ga na kasa cin abinci, ta ce me ya faru, na ce haƙori ne. Duk abin da ya faru, jininmu ne, kuma idan mace ce ma gidan nan nata ne. Ki kawo shi. Etek Rosna ta yi ta surutu har bakinta ya bushe.

Yayanki

*

Tsibiri
Ƙarshen Disamba

Uda na kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan haƙorin ya warke.

Na yi dariya har Pak Bujang, tsohon makanikenmu, ya leƙo ya ce ko aljanun teku ne suka taɓa ni. Sai kuma na kai inda ka ce in kawo shi, na kifa kai a tebur na yi kuka. Allah ya bar mini kai.

Babu jariri, Uda. Takardar da na yi maka bayani ashe ba ta fita ba, tana nan maƙale. A aikinmu, manhajar da ke bin sawun wata ana ce mata uwa, wadda ake bi kuma ɗa. Tsohuwar manhajar ce ɗan nawa.

Ga yadda na ɗaure kaina. Na rubuta wata 'yar manhaja da ke tsayuwar tagar a madadina, na koya mata duk kiran da na taɓa gani da amsarsa. Aka kunna, wuta ta kama, mutane suka yi ta tafi a titi. Ashe tsohuwar tana da kiraye-kirayen da ba ta yi sai an yi ruwa, ko man inji ya yi ƙasa, ko wani abin da ban sani ba. Da ta yi sabon kira sai komai ya tsaya cak, tana jiran amsa, kuma ba ta da haƙuri. Idan ban zo da wuri na karanta lambobin na gane abin da take nufi ba, injina su mutu, tsibiri ya yi duhu. A asibitin nan akwai masu numfashi da na'ura. Akwai gidan ƙanƙara da masunta ke ajiye kifi.

Saboda haka an saka ƙararrawa, an kawo mini katifa ɗakin kwamfuta. Ɗaki ne marar taga, sanyinsa kamar kabari. Salla nake yi kunnena na kan ƙararrawa. Rannan ina wanka ta buga, na fito da kumfa a kai. Na roƙi Pak Hendarto, manajan tashar, ya nemo mini mataimaki. Ya nuna mini teku ya ce, "Bu Yus, ki kira shi ya iyo."

Ba wanda ya kulle ni, ƙofa a buɗe take. Shi ne abin da ya fi ci mini rai. Amma kullum kiran da ban sani ba yana raguwa. Ka ƙara haƙuri.

Yus

*

Maninjau
Farkon Janairu

Yus,

Wa alaikumus salam. Allah ya shirye ki, ke da masu raɗa wa ƙarfe suna. Na rame a banza. Har na fara tunanin sunan da za mu sa masa.

Jikin Amak ne ba ya mini daɗi. Ta zame a bakin rijiya, ba ta karye ba, amma tun ranar magana na kufce mata. Ta kira ni da sunan mahaifinmu, marigayi Apak. Likita ya ce jinin ya hau sosai, a guji abin da zai ɗaga mata hankali. Da yamma takan zauna a kan matakala tana kallon hanya, duk motar da ta sauko daga kan dutse sai ta miƙe.

Elvi ta kira. Ta ce, "Uda, mijina nake nema, ko ka san inda yake?" Ta ce ƙaramin ɗanmu ya daina tambayata. Wannan ta fi zagi zafi.

Ban san abin da zan ce miki ba. Ki yi sauri.

Uda

*

Tsibiri
Tsakiyar Janairu

Uda,

Gaisuwa da fatan Amak ta samu sauƙi. Ka riƙe mata hannu ka ce ni ce.

Kusan duk kiran na gama da su. Saura tsayawa ɗaya, kuma ita ba irin sauran ba ce. Manhajar tana tambayar zafin inji na biyu, cibiya ta ba ta amsa, ita kuma da ta ga lambar sai ta kashe injin. Na bi sawun kiran nan har idona ya yi ja. Babu rashin fahimta a ciki. Ta ji daidai, lambar ce ba ta yi mata ba.

Jiya Pak Hendarto ya shigo da shayi kofi biyu, ya zauna a kan katifata. Mutumin kirki ne, Uda, kada ka ɗauke shi mugu. Shi ma rabonsa da iyalinsa ya fi nawa. Ya ce ma'aunin zafin ne ya lalace, gishiri ya ci shi kamar yadda ya ci komai. Ya ce inji ɗaya ba zai ɗauki asibiti da gidan ƙanƙara da gidaje ba, kayan gyara kuma sai iska ta faɗi.

Ya ce, "Ke da kike canza lambobi tun safe har dare, wannan ce za ta gagare ki? Lamba ɗaya kawai za ki canza. Idan ta tambayi zafi, ki sa a ce mata lafiya lau."

Na ce, "Pak, waɗancan fassara nake yi. Wannan kuwa ƙarya ce."

Ya ce, "Ƙarya ga wa? Ga kwamfuta?"

Sannan ya ce akwai jirgin kaya da zai ratso ƙarshen mako idan teku ta lafa, kuma babu wani bayansa sai Allah ya yi. Idan na canza lambar, ba sauran ƙararrawa, zai sa hannu cewa aiki ya kammala, ya sa ni a jirgin da kansa.

Aikin bai fi shan shayi ba, Uda. Har na buɗe wurin na rubuta layin. Ina ta kallon jakata. Ka yi mini addu'a.

Yus

*

Maninjau
Janairu

Yus!

Alhamdu lillahi! Muna lafiya, yau kam har da ƙari. Ban gane zancen zafi da sanyin nan ba, abin da na gane shi ne saura lamba ɗaya, kin ma rubuta, kuma ga jirgi.

Na gaya wa Amak. Yus, da kin gan ta! Ta miƙe kamar ba ita ba. Ta aike ni kasuwa sayen nama da kwakwa na dafa rendang, ta ce da hannunta za ta yi, wai nawa na 'yan kasuwa ne. Tun safe take zaune gaban murhu tana juyawa, na ce ta kawo in taya ta, ta buge mini hannu da ludayi. An shanya katifarki, an wanke labule. Na kira Elvi na ce ta gaya wa yara babansu na hanya.

Idan kin sauka ki kira ni, zan tare ki a Padang.

Uda

*

Tsibiri
Ƙarshen Janairu

Uda,

Ina gaishe ka, ina gaida Amak, ban kuma san da wane baki ba. Layi ya ɗauke tun ranar da na rubuto maka, sai yau takardarka ta shigo. Na karanta zancen rendang. Ban ce zan zo ba, Uda. Cewa na yi ka yi mini addu'a. Amma laifina ne, da na faɗa maka a fili cewa ban yanke shawara ba.

Ban canza ba. Jirgin ya zo ya tafi.

Bari in gaya maka dalili, ko da ba za ka karɓa ba. Na sake bin lambar tun daga farko. Idan aka ɗora wa injin nauyi sai ta hau, idan aka sauke sai ta sauka a hankali, yadda tukunya ke hucewa. Lalataccen ma'auni ba ya haka, tsalle yake yi ko ya tsaya wuri ɗaya. Na kira Pak Bujang na ce ya gaya mini gaskiya. Ya ce shi bai san lamba ba, amma ya daina shanya rigarsa a jikin injin saboda tana ƙauri. Tankin mai yana bayan bangon. Masu aiki suna kwana a gefensa, gidajen masunta na katako suna manne da katangar tashar.

Na je na sami Pak Hendarto na ce ba zan yi ba. Ya ce, "Kin tabbata injin zai kama da wuta?" Na ce ban tabbata ba. Ya ce, "Ni kuwa na tabbata kifin mutane zai ruɓe." Gaskiya ya faɗa. Na ce duk da haka. Bai ɗaga murya ba. Ya ce zai rubuta wa ofishinmu cewa na ƙi ƙarasa aiki, ya ɗauki kofinsa ya fita.

Na hau rufin tashar na ga jirgin yana fita. Ina nan tsaye ƙararrawa ta buga, na sauko.

Ka gaya wa Amak yadda za ta iya ɗauka.

Ƙanwarka

*

Maninjau
Farkon Fabrairu

Yusnidar,

Kin ce in gaya mata yadda za ta iya ɗauka. Kin makara.

Da ba mu ji daga gare ki ba, na ce mata jirgi ne ya yi latti. Kullum sai ta ɗumama naman ta rufe, ta sa sabon mayafi ta zauna a matakala. Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da ita a ƙasa, bakinta ya karkace. Muna asibiti a Bukittinggi. Ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi. Idonta ne kawai ke bin ƙofa.

Na karanta takardarki a kan bencin asibiti. Kin ce ba ki tabbata ba. To ni ga abin da na tabbata: uwa ɗaya gare mu. Kin tsaya kare mutanen da ba su san sunan ubanki ba, saboda wutar da wataƙila ba za ta taɓa tashi ba. Manajan ya girme ki, ya fi ki sanin injinsa, ya ɗauki nauyin a wuyansa. Ke wace ce?

Ni na bar matata da 'ya'yana da shagona ban tsaya lissafin lamba ba.

Kada ki rubuto mini bayanin inji kuma.

Darmawis

*

Tsibiri
Tsakiyar Fabrairu

Uda,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya jikinta yau? Tana iya haɗiye abinci? Wa ke kwana da ita idan ka gaji? Don Allah ka amsa mini ko da layi ɗaya ne. Wannan ce ta uku da na aiko tun bayan taka, ban sani ba ko suna isa ko ƙin amsawa kake.

Ba zan kare kaina ba. Duk abin da ka faɗa na riga ka faɗa wa kaina, da zafin da ya fi naka.

Ba bayanin inji zan yi ba, halin da nake ciki zan gaya maka, don kada ka zaci daɗi nake ji. Ana raba wuta yanzu. Asibiti na samu kullum, sauran gari sai bi da bi. Gidan ƙanƙara ya tsaya. Kifi ya ruɓe a bakin ruwa, warinsa har ɗakina. Kowa ya san ni ce. Na fita sayen shinkafa, mai shagon ta dube ni ta ce ta ƙare, ga buhu a bayanta a buɗe. Wani masunci ya kawo kwandon ruɓaɓɓen kifi ya juye a ƙofar tashar, ya ce a ba injiniyar Jakarta ta auna zafinsa. Yara na bina suna kiran "Uwar Duhu". Ba na ganin laifinsu, abincin 'ya'yansu ne.

Matar Pak Bujang ce ke aiko mini abinci a ɓoye. Pak Hendarto ba ya mini magana sai ta takarda.

Layin nan da na rubuta yana nan, ban goge ba. Akwai ranakun da nake buɗe shi in zauna ina kallo. Yanzu ko na saka shi babu jirgi, sai dai gari ya daina tsanata. Har yau ban saka ba. Ban sani ba ko gaskiya ce ke riƙe da ni ko taurin kai irin na gidanmu.

Idan tana ji, ka ce mata ina neman gafara.

Yus

*

Bukittinggi
Farkon Maris

Yus,

Wa alaikumus salam. Duk sun iso. Ƙin amsawa na yi.

Tana nan da rai. Tana shan kunun shinkafa da cokali, hannun hagu yana aiki. Elvi ta zo da yara ta yi mana kwanaki, ita ta yi mata wanka.

Jiya Amak ta yi ta nuna wayata tana gurnani. Na gane abin da take so. Na ce, "Amak, babu komai a ciki sai zancen inji." Ta kafe ni da ido irin wanda kin sani. Sai na karanta mata, tun daga zuwan manajan da shayinsa har kifin da aka juye miki. Ban tsallake komai ba. Da na zo inda aka hana ki shinkafa, ta damƙe zanen gado har yatsunta suka yi fari.

Na ce mata, "Kin ji 'yarki. Da ta bi maganar mutumin da tuni tana nan." Yus, da hannun hagun ta kai mini duka. Ba ƙarfi, amma a kunne ta same ni. Matar gadon kusa ta ce, "Ka ji amsa."

Ban ce na yarda da ke ba. Har yanzu idan na kalli bakinta sai raina ya ɓaci, kuma ban san da wa nake fushi ba, ke ko ni da na yi saurin kai albishir. Amma an doke ni a gaban jama'a saboda ke, to magana ta ƙare.

Masu zuwa daga gabar teku sun ce iska ta fara faɗuwa. Duk jirgin da kika samu, ko na shanu ne, ki hau.

Uda

*

Maninjau
Bayan ƙaramar salla

Zuwa ga Uda Darmawis, a Pekanbaru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yi salla lafiya, kai da Uni Elvi da yara. Yaya ka sami shago? Na ji an ce ƙaninta ya mai da shi wurin kallon ƙwallo. Allah ya ba ka haƙuri. Na san yanzu waya na shiga, amma akwai maganar da ba na iya yi da baki, kuma da muka haɗu a asibiti ba mu yi ta ba.

Ka tambayi yadda aka ƙare, na ce maka sai wani lokaci. Jirgin da ya ɗauko ni shi ya kai kayan gyara da mutane biyu daga ofishinmu. Na nuna musu komai na ba su katifar. Bayan na taho Pak Bujang ya aiko mini cewa sun buɗe injin, sun tarar bututun ruwan sanyaya shi ya toshe da ƙananan katantanwar teku. Na tambaye shi ko da an ci gaba da wuta ta tashi. Ya ce wataƙila, wataƙila kuma da ya kai har iska ta faɗi. Iyakar abin da zan taɓa sani ke nan. Ofis ba su kore ni ba, sun dai ce za su neme ni idan wani aiki ya taso. Ka san ma'anar wannan.

Ko sun neme ni ma ina zan je? Amak ba ta juyawa sai an juya ta. Na dawo da gadona ɗakinta. Da safe in ɗauke ta in kai matakala ta sha hantsi, da yamma in dawo da ita. Etek Rosna na zuwa kullum, ba don taimako ba, sai don ta lissafa mini zawarawan da ke garin. Wani lokaci ina wanki sai in tsaya in kalli hanyar da ke hawa dutse. Yanzu na san abin da ka sha, kuma ban taɓa ce maka na gode ba. Na gode, Uda.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Likita ya ce kada mu sa rai da magana. Yau da rana na dafa mata miyar kifin tafki, na tallafo kanta na ba ta cokali ɗaya. Ta riƙe a baki, ta yamutsa fuska, sai na ga leɓenta yana rawa. Na ajiye kwano na kai kunnena. Na zaci sunana za ta kira, ko ta ce ta yafe mini. Ta daɗe tana kokawa da harshenta, har gumi ya tsatsafo mata a goshi. Sannan ta ce, a fili, yadda ko na waje zai ji:

"Gishiri."

Na ce, "Amak, likita ya hana."

Ta ce, "Ƙaro."

Na ƙaro mata, Uda. Ɗan kaɗan. Kada ka gaya wa likita.

Ƙanwarka,
Yusnidar